Potiskum a ƙafa: Irin kyamarar da ta dace da yawon gari

Mafi yawan mutane ta tagar mota suka san Potiskum. Matafiyi daga Kano zuwa Maiduguri yakan tsaya ya sha mai, ya yi sallah, ya ci abinci, ya wuce Damaturu. Abin da yake tafiya da shi a rai bai wuce jerin tireloli a bakin titi da hayaniyar tasha ba. Alhali wannan gari shi ne cibiyar kasuwancin Jihar Yobe, jihar da aka cire daga Borno a 1991. Nan hanyoyin Azare da Bauchi da Gashuwa da Gombe da Damaturu suka haɗu. Nan kasuwar shanu take wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Kuma gari ne mai fada biyu: ta Sarkin Fika, wadda aka dawo da ita nan a 1924, da ta Mai Pataskum. Ngizim da Bolewa da Karekare da Ngamo da Hausawa da Fulani da Barebari duk suna zaune unguwa kusa da unguwa, Hausa tana haɗa su a kasuwa.

Irin wannan gari ba a ganinsa sai an sauka an taka. Shi ya sa wannan makon shafin namu ya haɗa abu biyu da mutane ba su cika haɗawa ba, wato tattaki domin lafiyar jiki da ɗaukar hoto domin tarihin iyali. Duk magidancin da ke tunanin sayen ƙaramar kyamara yakan fara da tambayar wane kamfani ne ya fi. Kwana ɗaya a titunan Potiskum ya isa ya nuna masa cewa akwai tambayoyin da suka riga wannan: Zan iya yini da ita a jikina? Za ta jure ƙura da rana? Mutane za su saki jiki da ni idan sun gan ta?

Safiya: nauyin da wuya zai iya ɗauka

Lokacin da ya fi daɗin fita shi ne bayan sallar asuba, da zarar gari ya fara wayewa. Masu shayi sun hura wuta, masu ƙosai sun ɗora kasko, almajirai sun baro makarantar allo, yara cikin kayan makaranta suna tare Keke Napep. Hasken wannan lokaci mai laushi ne, ba ya sa mutum ya runtse ido, kuma fuska takan fito da kyau a hoto. Wanda ya ratsa Tsohuwar Kasuwa ko Dogo Tebo ko Tudun Wada a wannan sa'a zai ga garin kafin ya sa rigar hada-hada.

A nan ake gane darasi na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da ɗan sauri tana cikin wannan lissafi, kuma tana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon suga. Matsalar da yawanmu ita ce tattaki babu dalili yana gundurar mutum, sati biyu ya daina. Kyamara tana ba ƙafa dalilin fita. Sai dai idan ita kanta kyamarar ta zama kaya, to a gida za ta riƙa kwana. Manyan kyamarorin da masu hoton biki ke ratayawa, idan an haɗa da gilashinsu, sukan haura kilo ɗaya. Rataya wannan a wuya na tsawon awa biyu cikin tafiya, kafaɗa da ƙeya za su ba ka labari da daddare.

Saboda haka ne ake maganar kyamara marar madubi. Tsohuwar babbar kyamara tana da madubi a ciki da ke karkatar da haske zuwa inda mai hoto ke leƙawa, idan an danna sai ya ɗaga da ƙara ya ba haske hanya. Sabuwar an cire mata wannan madubi. Haske yana faɗawa kai tsaye kan sensa, wato farantin da ke kama hoton, ita kuma ta nuna maka shi a allon baya ko a 'yar tagar leƙe. Da aka cire madubin sai jikin ya ragu, ƙarar ta ragu, kuma kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta kasuwa a 2008, kuma yau kusan duk manyan kamfanoni can suka karkata.

Ga misalin nauyi, da batir a ciki amma ban da gilashi: Sony a6000 giram 344, Canon EOS R50 giram 375, Fujifilm X-T30 da Olympus E-M10 Mark IV kowacce giram 383. Ƙara ɗan gajeren gilashi, duka ba za su wuce rabin kilo da ɗan wani abu ba, kusan nauyin robar ruwa ƙarama. Wannan shi ne abin da mutum zai iya fita da shi kullum ba tare da ya ji shi ba. Kuma maimakon rataya ta a wuya, a sa igiyar ta ratsa ƙirji daga kafaɗa zuwa kwiɓi, nauyin ya fi rabuwa.

Hantsi: kara da ƙurarta

Ranar Laraba, duk wanda ya zo Potiskum bai leƙa kara ba bai ga garin ba. Shanu ne iya ganinka: farare Bunaji, jajaye Rahaji masu dogayen ƙahoni, Bokolo masu gajeren ƙaho da saukakken leɓe, ga tumaki da awaki a nasu ɓangaren. Ana kawo su daga ƙauyukan Yobe da Borno har da ƙetaren iyaka, Nijar da Chadi. Dillalai suna kai-komo tsakanin mai kaya da mai saye, 'yan lodi suna tura bijimai cikin tirela da za ta kwana a hanya zuwa Kudu. Cinikin miliyoyin naira ake ƙullawa a tsaye, da musabaha da "Allah Ya sa albarka".

Ƙafafun dabbobi dubbai kuwa ƙura suke tayarwa, balle a watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara marar madubi, domin da zarar ka cire gilashi, sensa a buɗe take babu abin da ya kare ta. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta zauna a kai, sai ka riƙa ganin baƙin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman a sararin sama. Dokar ita ce kada a canja gilashi a kasuwa. A zaɓi ɗaya tun daga gida a yini da shi. Idan dole ce ta sa, a shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamarar, a kifa fuskarta ƙasa, a yi da sauri.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin gilashi. Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa da gilashi mai zuƙowa, wanda za ka ga an rubuta masa 16-50 ko 18-45 ko 14-42. Ya wadatar ga mai farawa: yana ɗaukar faɗin kasuwa, yana kuma matso da fuskar yaro. Akwai kuma gilashi marar zuƙowa, mai lamba ɗaya kamar 23 ko 27, wanda ya fi ƙanƙanta, ya fi shan haske, kuma ba ya shiga yana fita balle ya ja ƙura ciki. Aibinsa shi ne in kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta matsa. Ga mai neman tattaki kuwa wannan ba aibi ba ne.

Wasu kyamarori, irin jerin E-M5 na Olympus, an toshe musu kafofi da roba domin ƙura da yayyafi. Suna da amfani a irin ƙasarmu, amma sai gilashin ma ya kasance mai irin wannan kariya. Wanda bai samu ba, jaka mai zif da ɗan famfon roba na hure ƙura da ƙyalle mai laushi sun ishe shi. Kada a hura da baki, kada a goge da bakin riga.

Abin da ƙura ke yi wa kyamara kaɗan ne a kan abin da take yi wa ƙirji. Mai asma ya sa takunkumi kuma kada ya bar abin shaƙarsa a gida. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, domin kara ba ta rasa ƙaya da ƙusa da kashin dabbobi, kuma ya duba tafin ƙafarsa idan ya koma. A wanke hannu da sabulu kafin a ci wani abu. Sannan wanda ya manna ido a kyamara ba ya ganin abin da ke gefensa, ƙahon Rahaji kuwa ba ya sallama. Kada a ja da baya ana leƙe, kuma idan an zo da yaro, hannunsa ya kasance cikin na babba.

Azahar: rana da batir

Daga Maris zuwa Mayu, zafin Potiskum yakan haura digiri 40 da tsakar rana. Yawancin kamfanonin kyamara sun rubuta cewa kayansu suna aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, ka ga ke nan bazararmu tana kan iyakar abin da aka ƙera su domin shi. Barin kyamara a cikin mota a rufe ko a kan kujera cikin rana yana lalata batir. Shi ma mai ita ba ƙarfe ba ne. Daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar lokacin inuwa ne da shan ruwa, ba na tattaki ba. Dama hoton tsakar rana ba ya kyau, inuwar hula takan rufe ido, farar riga ta ƙone da haske.

Rana tana koyar da wani abu kuma. A cikin haske mai ƙarfi, allon bayan kyamara ba ya ganuwa, kamar yadda allon waya ke yi. A nan tagar leƙe take da rana, domin kana manna ido ka ga komai sarai. Akwai kyamarori masu kyau da ba su da ita, kamar Nikon Z30 da Ricoh GR III. Wanda zai yi yawancin hotonsa a waje a Arewa ya yi tunani sosai kafin ya sayi marar tagar.

Batir kuwa shi ne raunin wannan nau'i, tun da allo ko taga a kunne suke muddin kyamarar na aiki. Yawancin ƙananan sukan ɗauki hoto 300 zuwa 400 kafin caji ya ƙare. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, a nemi wadda ake iya yi wa caji da igiyar USB daga fawa bank ko sola, kuma a sayi batir na biyu tun ranar farko.

La'asar: neman izini

Da rana ta yi sanyi sai gari ya sake buɗewa. A kasuwar hatsi buhunan gero da dawa da wake da riɗi sun yi tsibi, 'yan dako suna ɗora wa manyan motoci, masu awo suna cika mudu. Wajen fada dattawa suna zaune a inuwa, wani lokaci a ci sa'a a ga ana kilisa da doki. Hasken la'asar sakaliya idan ya ratsa ƙura yakan koma kamar zinariya, kuma shi ne lokacin da hannu ya fi ƙaiƙayin ɗaga kyamara.

A nan ne ya kamata baƙo ya tuna inda yake. Potiskum ta ga tashin hankali. A watan Mayun 2012 'yan bindiga sun afka wa kasuwar shanu suka kashe mutane da dama. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a tsakiyar ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, yara fiye da 40 suka rasu. A farkon 2015 an kai hari Kasuwar Jagwal da Tashar Ɗan Borno. Alhamdu lillahi zaman lafiya ya dawo, kasuwanni sun cika, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Baƙuwar fuska da ke nuna dogon gilashi ga taron jama'a daga nesa dole ta jawo tambaya, kuma masu tambayar suna da gaskiya.

Ƙaramar kyamara tana rage wannan fargaba, amma ba ta ɗauke wajibcin sallama. Kada ƙanƙantarta da rashin ƙararta su sa mutum ya riƙa satar hoto. A kara ko kasuwar hatsi, a fara da shugabannin wurin, a faɗi ko wane ne kai da abin da ya kawo ka. Da ɗan gari akan ci gari, don haka in da hali a samu wanda aka sani ya yi rakiya. Ga mutum ɗaya kuwa, gaisuwa ce gaba: "Sannu da kasuwa, Baba. In ka yarda, ina so in ɗauki hoton bijimin nan." In ya ce a'a, a yi godiya a wuce. In ya yarda, a juya allo a nuna masa. Sau da yawa daga nan ne hira ke ɓarkewa, maƙwabcinsa ma ya ce a ɗauke shi.

Akwai wuraren da ba a ɗaga kyamara ko da wasa: shingen jami'an tsaro, ofishin 'yan sanda, bariki, da ƙofar makaranta ko asibiti ba tare da izinin hukumar wurin ba. Matan aure da 'yan mata ba a ɗaukarsu sai da yardarsu, yara kuma sai da yardar iyaye. Wasu bayin Allah ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, wannan haƙƙinsu ne. Kuma izinin ɗauka daban, izinin ɗorawa a Facebook ko TikTok daban. Almajiri ko mai talla ɗan wani ne, a yi masa abin da mutum zai so a yi wa nasa.

Kafin a zaro kuɗi

Kyamara ba abinci ba ce, ba kuɗin makaranta ba ce. Farashinta yana bin dala, kuma wanda aljihunsa bai kai ba, wayar hannunsa ta isa ta fitar da shi tattaki. Abin da kyamara ta fi waya da shi shi ne girman sensa. Ta yawancin wayoyi ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ta yawancin waɗannan ƙananan kyamarori kuwa, mai faɗin kusan milimita 23 da tsayin 15, ta ninka ta wajen sau goma. Shi ya sa take fitar da hoto mai tsabta a cikin ɗaki ko bayan magariba, take kuma kama yaro yana gudu.

Kada yawan megafiksel ya ruɗi mai saye. Guda 24 sun isa a wanke hoto mai faɗin inci 20 ya fito tas. Haka kuma ba dole sai sabuwa ba. Sony a6000 ta fito tun 2014, har yau tana biyan buƙatar iyali, kuma ana samun ta hannu a manyan kasuwannin kayan lantarki na Kano da Abuja da Legas. Sai dai a bincika da kyau. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai ɗigo. A haska gilashin da tocila a ga ko akwai tsaga ko wani abu kamar saƙar gizo a ciki. A duba ko batirin ya kumbura, a gwada kowane maɓalli da wurin caji da wurin sa memori. A kuma tambayi ko kamfanin yana ci gaba da yin gilashin wannan jerin, domin misali Canon ya daina ƙera jerin EOS M, duk da cewa M50 tana ko'ina a kasuwa. Daga ƙarshe a riƙe ta a hannu, a ba uwargida ma ta riƙe, tun da kayan gida ne. Wadda ta zauna a hannu ita za a riƙa fita da ita.

Magariba: hoton da ya fi daraja

Bayan an gama zagaya kara da kasuwa da fada, hoton da zai fi tsada nan da shekara 30 yana cikin gida. Kaka a kan tabarma tana jan carbi, yara sun kewaye kwanon tuwo, maigida yana gyara wa ɗansa hula ranar sallah. Iyayenmu da suka je wurin mai hoto sau ɗaya a shekara sun bar mana abin da muke nuna wa 'ya'yanmu a albam. Mu da muke ɗaukar dubbai, waya ɗaya ce za ta faɗa ruwa ko a sace ta a tasha, shekara biyar na tarihin gida su tafi.

Don haka duk wanda ya sayi kyamara ya ɗaura wa kansa al'ada biyu. Ya riƙa kwafe hotuna a wuri biyu, kuma duk bayan wata uku ya zaɓi goma ko ashirin ya kai a wanke su a takarda, ya rubuta suna da wuri da shekara a baya. Ya fara da tsofaffin gida tun suna raye. Idan kuma ya yi wa wani dillali ko mai awo alkawarin kawo masa hotonsa, ya cika, domin da haka ne ƙofa ke buɗe wa wanda zai zo bayansa.

Ranar Asabar mai zuwa a gwada fita da yara bayan asuba, ko a Potiskum ake ko a wani gari, a yi tafiyar minti 30 da ɗan sauri, a bar kowa ya ɗauki hoto biyar na abin da ya burge shi a unguwa. Mai ciwon zuciya ko wanda ya daɗe bai motsa jiki ba ya fara jin ta bakin likita. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.